Rauni Ya Warke, Ciwo Bai Tafi Ba: Abin da Ke Faruwa Cikin Jijiya

Kusan kowane gari da kowace ikilisiya akwai mutum irin wannan. Lauje ya yanke shi a tafin hannu lokacin yankan shinkafa, ko kuwa ya faɗo daga kan kabu-kabu a hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal. An ɗinke wurin, an ɗaure, ya sha magani. Bayan wata biyu fata ta haɗe, sai tabo kaɗai ya rage. Amma ga shi shekara ta kewayo, mutumin yana cewa wurin na yi masa raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, ba ya son ko riga ta taɓa shi, da dare kuma barci ba ya zuwa. Likita ya duba bai ga ƙurji ba, hoton ƙashi ya fito lafiya. Daga nan sai maganganu su soma. Wasu su ce raki ne, wasu su ce gudun aiki yake yi, wasu kuma su rage murya su ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannun mutum ne ko iska.

Muna so mu nuna wa masu karatu cewa ciwon nan na gaske ne, yana da mazauni a cikin jiki, kuma masana sun gano abu mai yawa game da yadda yake samuwa. Ɗalibanmu da suka yi darasin bayoloji za su gane wasu abubuwan da sauri, amma mun yi ƙoƙari kada mu bar iyaye da dattawan ikilisiya a baya.

Da farko sai mu warware wata kalma. A Hausa muna cewa jijiya ga abubuwa uku dabam. Akwai jijiyar jini, akwai jijiya mai tauri wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, akwai kuma farar jijiya mai kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Ta ukun nan ce maganarmu. Idan aka tsaga ta aka duba da madubin likita, za a ga dami ce ta zare-zare dubbai, kowane zare kuwa hannu ne na ƙwayar halitta guda. Ƙwayar da ke jin taɓawa ko zafi tana da siffa mai ban mamaki. Gangar jikinta na zaune cikin wani ɗan ƙulli a gefen laka, cikin ƙashin baya. Daga nan ta miƙa hannu biyu: ɗaya ya shiga laka, ɗaya ya tafi can fata ko tsoka ko gaɓa. Wadda ke kula da babban yatsan ƙafa, tsawon hannunta ya kai mita guda a jikin babban mutum, alhali ita kanta ido ba ya iya ganinta.

Ba dukan zaren nan ne ke ɗaukar ciwo ba. Wasu na taɓawa ne, wasu na sanyi, wasu na sanin inda hannu ko ƙafa take ko da ido a rufe. Tun 1906 wani masani ɗan Ingila, Charles Sherrington, ya kawo ra'ayin cewa akwai waɗanda aikinsu kawai shi ne su gane abin da zai cuci jiki. Mu kira su masu gadi. Masu gadin nan iri biyu ne. Akwai masu siririyar rigar kitse, kamar robar da ke rufe wayar lantarki, saƙonsu yana gudun mita 5 zuwa 30 cikin daƙiƙa guda. Akwai kuma marasa riga, waɗanda ba sa wuce mita ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa idan muka yi tuntuɓe da dutse muke jin ciwo sau biyu: wani mai kaifi nan take, sa'an nan bayan ɗan jim wani zogi mai nauyi ya biyo baya.

Kada wani ya ɗauka cewa rashin jin zafi gata ne. A 2006 masana daga jami'ar Kambirij suka ba da labarin yara shida daga iyalai uku a arewacin Pakistan waɗanda ba su taɓa jin ciwo ba tun haihuwa. Abin da ya kai su ga iyalan shi ne labarin wani yaro da ke wasa a bakin titi yana taka garwashi yana soka wuƙa a damtsensa don a ba shi kuɗi. Yaron bai kai ga girma ba, ya rasu bayan ya yi tsalle daga kan rufin gida. Yaran da aka bincika duk sun tauna leɓe ko harshe tun suna ƙanana, da yawansu sun yi karaya ba su sani ba. Abin da suka rasa ƙofa ce guda a jikin masu gadi, wadda sinadarin sodiyam ke bi ya shiga don saƙo ya tashi. Mu riƙe maganar ƙofar nan, za mu sake bukatarta.

Abin da rauni ke yi wa bakin jijiya

Idan fartanya ta sari ƙafa, ƙwayoyin naman da suka fashe suna zubar da abin da ke cikinsu, jini ya kawo fararen ƙwayoyinsa masu yaƙi da cuta, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi. A cikin ruwan kumburin nan akwai sinadarai da dama, irin su firostagilandin da biradikinin da histamin. Suna taimakon warkewa, amma suna kuma tsokanar masu gadi, suna sa su zama masu saurin ihu.

Misalin da ya fi fitowa fili yana cikin tukunyar miyarmu. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka gano wata ƙofa a bakin masu gadi wadda barkono ke buɗewa. Ƙofar nan ita ce kuma ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 43. Ashe da muke cewa yaji yana da zafi, ba kuskure muka yi ba, jiki ta ƙofa ɗaya yake jin su duka biyu. To, idan sinadaran kumburi suka kewaye ƙofar nan, sai ta soma buɗewa tun zafi bai kai can ba, har ɗumin jikin mutum na digiri 37 ya isa ya buɗe ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa yatsa mai karkare yake zogi ba tare da an taɓa shi ba, ruwan wanka mai ɗumi kuma ya zama kamar tafasasshe a kan ƙuna. Julius ya sami lambar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian, wanda ya gano ƙofofin jin dannawa. Tun 1971 kuma John Vane ya nuna cewa asfirin yana aiki ne ta hana jiki yin firostagilandin. Magungunan ciwon jiki da yawa da ake sayarwa a kemis ta wannan hanya suke bi.

Har zuwa nan ba abin da ya lalace. Tsamin wurin rauni shi ne ke hana mu taka ƙafar da ta karye. Idan kumburi ya sauka, masu gadi sukan koma yadda suke. Ga yawancin mutane labarin a nan yake ƙarewa.

Amma akwai abin da ba mu cika tunawa ba. Babu yadda za a yanki fata ba a yanki zaren jijiya ba, domin suna ko'ina cikinta kamar saiwar ciyawa a fadama. Idan an yanke zare, ɓangaren da ya rabu da gangar jikin ƙwayar yakan mutu ya narke. Labarin yankan kuma yana bin zaren ya koma baya har ƙullin nan na gefen laka. Da ya isa, sai ƙwayar ta sake tsarin aikinta gaba ɗaya: ta rage yin wasu abubuwan da ta saba, ta kunna waɗansu umarnin gado da suke kwance, ta shiga ƙera kayan gyara. Zaren yana sake tohowa da tafiyar kusan milimita ɗaya a rana. Sai ɗalibai su yi lissafi: jijiyar da ta yanke a gwiwar hannu tana bukatar fiye da shekara kafin ta kai kan yatsa.

Idan tohon ya sami hanyarsa ta dā, madalla. Idan kuwa tabo mai tauri ya tare shi, ko bakin biyu sun yi nisa da juna, sai zare-zaren su dunƙule wuri guda su zama ɗan ƙulli. Ita ƙwayar tana can tana ta aiko da ƙofofin sodiyam, su kuwa suna taruwa a bakin da ya toshe. Wuri mai ƙofofi fiye da kima ba ya jiran dalili kafin ya aika saƙo. Sanyin hunturu ya isa ya tashe shi, ɗan dannawa ya isa, wani lokaci ma haka kawai. Idan aka ƙwanƙwasa irin wannan tabo, mutum yakan ji kamar lantarki ya ja shi, irin abin da muke ji idan muka bugi gwiwar hannu da kujera. Lafiyayyun zaren da ke maƙwabtaka da matattun su ma ba su tsira ba, domin sinadaran da jiki ke zubawa don share gawar na taɓa su.

Ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar sanin cewa saƙon daga tsakiyar hanya ya taso. Zaren da aka san na yatsa ne, duk abin da ya kawo za ta ce daga yatsa ne. Wani likita ɗan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya lura da haka a jikin sojojin da harsashi ya taɓa wa jijiya a yaƙin basasar ƙasarsu. A 1864 shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana mutanen da hannunsu ke ƙuna har suna yawo da jiƙaƙƙen tsumma a kai, wasu suna zuba ruwa cikin takalmansu. Shi ne kuma ya yi bayanin waɗanda aka yanke wa ƙafa amma suna jin ciwo a yatsun da babu su. Duk wanda ya taɓa jinyar wanda aka yanke wa ƙafa saboda haɗarin mota ko ciwon suga ya ji irin wannan kuka, wataƙila kuma ya ɗauka ruɗewa ce. Ba ruɗewa ba ce.

Laka ma tana koyo

Saƙon ciwo ba ya zarcewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Sai ya tsaya a laka ya miƙa wa wata ƙwaya. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa mahaɗar nan kamar ƙofar gari ce mai masu tsaro, ana iya buɗe ta sosai, ana iya turo ta. Saƙon taɓawa yana turo ta, shi ya sa uwa ke shafa wa yaro inda ya buge, kuma da gaske yana samun sauƙi. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da nata umarnin daga sama. Ɗan wasan ƙwallonmu da ya gurɗe a fili bai ji ba sai da aka busa tashi, wannan ne ya faru da shi.

A 1983 Clifford Woolf, yana aiki a Landan, ya nuna wani abu da ya sake tunanin likitoci. Idan masu gadi suka daɗe suna ihu, ƙwayoyin laka da ke karɓar saƙon suna canzawa su ma. Sukan ƙara murya, kamar rediyon da aka murɗa har ƙarshe. Ƙaramin saƙo ya fito babba. Saƙon taɓawa, wanda dā ba ruwansa da ciwo, sai ya ɓalle ya shiga hanyar ciwo. Lafiyayyar fatar da ke kewaye da rauni ita ma ta soma tsami. Binciken baya ya ƙara nuna cewa bayan raunin jijiya masu tsaron ƙofar nan suna rauni, ƙwayoyin tsaron jiki da ke cikin laka kuma suna farkawa su ƙara wa wutar itace. Mutumin da ke cewa zanen gado yana ƙona shi gaskiya yake faɗi.

Tsoro da baƙin ciki da rashin barci suna ƙara buɗe ƙofar. Kwanciyar rai da samun masu kula suna turo ta. Saboda haka ziyarar marasa lafiya da addu'a tare da su, wadda zumuntar mata ta fi kowa riƙewa, tana da amfani har ga jiki. Amma a nan muna roƙo a yi hattara da harshe. Kada a juya maganar a ce wanda ciwonsa ya ƙi tafiya bangaskiyarsa ce ta kasa. Abokan Ayuba sun yi irin wannan fassara a kan wahalarsa, kuma a ƙarshen littafin an tsauta musu.

Likitoci suna kiran ciwo mai daɗewa idan ya wuce wata uku. A sabon jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya soma aiki a 2022, an ba shi gurbi nasa, wato an yarda cewa yana iya zama cuta mai zaman kanta. Ko tiyatar da aka yi daidai tana iya barinsa. Cikin waɗanda aka yi wa aikin gwaiwa, kusan ɗaya cikin goma yakan daɗe yana jin ciwo a wurin.

Darasin Amanawa

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga dukan wannan. A ƙaramar hukumar Dange-Shuni, maƙwabciyar Boɗinga, akwai Amanawa. Cikin shekarun 1930 mishan ɗin SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga aikinta a 1954, ta karɓi kula da masu cutar kuturta a can, kamar yadda ta yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. Daga baya asibitin ya koma hannun gwamnati. Da yawa daga cikin Kiristocin farko na ƙasar Hausa ta irin waɗannan wurare suka fito, don haka tarihin nan namu ne.

Kuturta cutar jijiya ce kafin ta zama ta fata. Ƙwayar da ke kawo ta, wadda Armauer Hansen ya gano a Norwe a 1873, tana shiga ƙwayoyin da ke yi wa zaren jijiya riga. Ta fi son wurare masu ɗan sanyi inda jijiya ta matso kusa da fata: gwiwar hannu, gefen gwiwar ƙafa, bayan idon sawu, gefen wuya. Shekaru aru-aru mutane sun ɗauka cutar ce ke cin yatsu. Paul Brand, likitan mishan da ya soma aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, shi ya nuna ba haka ba ne. Masu gadi ne suka mutu. Mace ta ɗauki tukunya daga murhu ba ta ji ba, manomi ya wuni da ƙaya a tafin ƙafa, ƙotar gatari ta yi wa hannu kanta ta fashe ana ta aiki a kai. Har ɓeraye ya tarar suna cin yatsun marasa lafiya da dare ba su farka ba. Rauni kan rauni, gyambo ya kai ga ƙashi, yatsa ya gajarce.

Ga kuma abin da ya fi ɗaure kai. Hannun nan da ba ya jin wuta, shi ne kuma mai shi zai ce yana yi masa zogi dare da rana. Yaya hannu zai mutu kuma ya yi ciwo? Wanda ya bi mu zuwa nan ya riga ya san amsa. Bakin zaren da ke fata ya mutu, don haka wuta ba ta da wanda za ta gaya wa. Amma kututturen da ya rage can sama yana nan da rai, cike da ƙofofin sodiyam, yana aika saƙon ƙarya, laka kuma ta ƙara masa murya. Tun 1981 akwai haɗin magunguna uku da ke kashe ƙwayar cutar cikin wata 6 ko 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi a duniya duka. Sai dai kashe ƙwayar dabam, gyaran jijiya dabam. Akwai waɗanda aka sallama an ce sun warke, sun kuwa warke, ba sa ɗauke da cutar ba sa kuma ba kowa, amma zogin yana tare da su. Wasu sukan koma suna roƙon a sake ba su maganin kuturta, alhali ba shi suke bukata ba. Haka nan masu ciwon suga na shekaru, da waɗanda ƙurajen nan masu fitowa kamar ɗamara a gefe guda na jiki suka kama, wato ƙwayar ƙarambau da ta farka bayan ta daɗe kwance cikin ƙullin jijiya.

Idan mun fahimci haka, wasu al'adunmu sai mu sake duba su. Tsaga da sakiya a kan wurin da ke zogi sabon rauni ne a kan tsohon, sabon zare ake yankewa. Mai ɗori da ya ɗaure karaya tamau har yatsu suka kumbura suka sage yana shaƙe jijiya da hanyar jini, a kwance ɗaurin nan da nan a tafi asibiti. Allura a tsakiyar ɗuwawu tana iya samun babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa yana kuka da ita wata da watanni. Mu daina kai yara wurin duk wanda ya iya riƙe sirinji, mu kuma daina matsa wa ma'aikacin lafiya cewa sai allura alhali ƙwaya ta isa.

Maganar ƙwaya kuma tana bukatar gaskiya. Asfirin da danginsa suna kashe sinadaran kumburi ne. Inda ciwon daga lalatacciyar jijiya yake, ba su da abin kashewa sosai, mutum zai yi ta sha yana ƙara yawa har su ci masa ciki ko su taɓa ƙoda. Daga nan wani ya ba shi shawarar tiramadol, ya ji daɗi kwana biyu, jiki ya saba, ya shiga wani ramin da ya fi na farko zurfi. Mun ga yadda abin ya yi wa matasa, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Akwai magungunan da suka fi dacewa da ciwon jijiya, irin su amitiriftilin da gabafentin, waɗanda ke rage ihun zaren da muryar laka. Ba sa aiki a rana ɗaya, sukan ɗauki makonni, suna sa barci da jiri, ba kowa suke yi wa ba, kuma likita ne kaɗai zai tsara su. Sau da yawa rage ciwon ake samu, ba kawar da shi duka ba. Motsa gaɓar a hankali kowace rana ya fi ɓoye ta cikin riga, domin gaɓar da aka daina amfani da ita tana ƙagewa ta ƙara tsami.

Wanda zai je asibiti kada ya tsaya a kan cewa jikina na ciwo. Ya faɗi irin ciwon: ƙuna ne, ko suka kamar allura, ko ja kamar lantarki, ko tafiyar tururuwa, ko wurin ya mutu amma yana zogi, ko riga ma ciwo take sa shi. Kalmomin nan su ne ke nuna wa likita cewa jijiya ce. Wanda kuma ya ga wani fili a fatarsa da ya fi sauran haske, aka shafa masa auduga ido a rufe bai ji ba, ko ƙaramin yatsansa ya soma sagewa, ko gwiwar hannu na tsami idan an danna, kada ya jira kaka ta wuce. Ya je asibitin gwamnati mafi kusa, a Boɗinga ko Shagari ko cikin Sakkwato, ya nemi jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma. Jijiyar da kuturta ta soma taɓawa, idan lalacewar ba ta wuce wata shida ba, ana iya ceto ta da maganin firednisolon ƙarƙashin kulawar likita. Bayan wannan lokaci damar tana raguwa ƙwarai.